Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa kayan nutso da kaina a shagon ɗinki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Fot Sudan, na ɗan jima ina koyon nutso a Bahar Maliya da kayan haya. Kuɗin hayar ya fara yi mini nauyi, ga shi rigar da ake ba mu aljihunta ɗaya ne, ko tocila ba ya ɗauka. Ina da keken ɗinki da tsohuwar silindar kashe gobara, maƙwabcina mai faci kuma yana da injin iska. Zan iya haɗa nawa kayan, in yi masu aljihuna yadda nake so?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Aljihunan ka ɗinka su, na ma fi so ka ɗinka da ka saya. Amma silindar nan da injin mai faci, don Allah ka bar su inda suke. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: in abin ya lalace a ƙarƙashin ruwa, me za ka rasa? In tocila ce ko wuƙa, to aikin hannu ya halatta. In numfashi ne, wannan ba aikin shago ba ne.

Ga dalili. Duk mita 10 da ka nutsa, nauyin ruwa yana ƙara maka matsi na bar 1. A mita 10 ke nan kana shaƙar ninkin iskar da kake shaƙa a tudu, a mita 20 ninki uku. Silindar nutso ta gaske tana ɗaukar kusan lita 11, ana cika ta zuwa bar 200, wato iska sama da lita 2,000. Injin mai faci da ƙyar yake kai bar 10. Ka ɗauka silindarka lita 6 ce: abin da za ta ba ka a mita 10 ba zai kai minti biyu ba. In kuma wani ya ce bari ya matsa mata iska da babban inji, silindar kashe gobara mai hoda ba a yi ta don ta wuce bar 20 ba, tarwatsewa za ta yi a hannun mai cikawa.

Ita kanta iskar abin tsoro ce. Injin faci yana fesa tururin baƙin mai cikin iska, in kuma yana kusa da janareta sai ya zuƙo hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari ba shi da launi. A tudu ƙila ciwon kai kawai zai sa ka, a ƙasa kuwa matsi yana ninka abin da ke shiga huhunka, mutum ya suma ba tare da ya san me ya same shi ba. Kada kuma a ruɗe ka da silindar oksijin ta asibiti a ce ai ta fi tsabta. Oksijin zalla, in aka wuce mita 6, tana iya tayar da farfaɗiya, kuma mai farfaɗiya a ruwa bakinsa sakin abin shaƙa yake yi.

Regileta, wato na'urar da mai nutso yake shaƙar iskar silinda ta cikinta, ita ma haka. Wadda Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka fitar a 1943 mataki biyu ake yin irinta yau: na farko ya sauke matsin silinda zuwa kusan bar 10, na biyu ya ba ka iska daidai da matsin ruwan da kake ciki, lokacin da ka ja numfashi kawai. Ta tukunyar gas ba ta san wannan aikin ba. Shawarata ka tara kuɗi ka sayi regileta ta hannu, a kai wa ƙwararre ya kwance ta ya canza robobin ciki, haka ma rigar iska, wato wadda ake hura wa iska don ta ɗago mai nutso a ruwa. Silinda kuwa ci gaba da haya ya fi, tunda da iskarta take zuwa. Ka dai riƙa duba wuyanta, akwai hatimin ranar da aka yi mata gwajin matsi. In ya wuce shekara 5, ka mayar a canza maka.

To, mu zo fanninka. Hanya mafi arha ita ce gajeren wando mai aljihu biyu da za ka ɗora a kan rigar roba. Aljihun ya zauna a gefen cinya ta waje, inda tafin hannunka yake sauka in ka miƙe tsaye ka saki hannu. In ka kai shi gaba zai riƙa tare ruwa yana gogar murjani, in ka kai shi baya ba za ka same shi ba lokacin buƙata. Tsawon santimita 20, faɗin 15, ka yi masa ninki a gefe yadda zai kwanta in babu kaya, ya buɗe in an cika shi.

Yadin ya zama nailan mai kauri irin na jakar goyo, tsohuwar jaka ma ta isa. Zaren auduga ruɓewa yake a ruwan gishiri, sai ka nemi na foliyesta mai kauri irin wanda masu ɗinkin tamfol suke amfani da shi, ka maimaita ɗinki a kowace kusurwa. Duk inda ka yanke nailan, ka bi bakin da wuƙa mai zafi ya narke, in ba haka ba zai zare. Murfi ka sa masa Velcro mai faɗi, da ɗan harshe a tsakiya da yatsa zai kama. Zif na ƙarfe kada ka kusance shi. Bahar Maliya gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, saboda haka ƙarfen banza kwana kaɗan zai yi ya ci tsatsa ya ƙame. Zobba da ƙugiyoyi su zama sitenles mai lamba 316, ko tagulla.

Abu biyu da masu ɗinki kan manta. Na farko, huda biyu a gindin aljihu, ka datse su da ido irin na tamfol, don ruwa ya zube in ka fito. Aljihu cike da ruwa a cinya yana wahalar da mai hawa tsanin jirgi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, madaukin igiyar roba a ciki. Kowane abu ka maƙala shi da ƙugiya a jikin madaukin nan. In ka buɗe aljihu a gefen Sanganeb, wurin nutson nan da ke cikin teku kusa da Fot Sudan, inda bangon murjani yake gangarawa zurfin da ido ba ya gani, abin da ya suɓuce ya tafi ke nan.

Me za ka zuba? Tabaran ruwa na ko-ta-kwana, balan-balan ɗin alama mai ruwan lemo da zarensa, usur, ƙaramin madubi, tocila da allon rubutu. Almakashi ko wuƙa kuwa a ɗamarar ƙugu za su zauna, inda kowane hannu zai kai, domin zaren kamun kifi ba ya sallama kafin ya naɗe mutum. Kada komai ya riƙa reto a jikinka. Wanda ya taɓa zagaya Umbria, jirgin Italiyan nan da ma'aikatansa suka nutsar a bakin Fot Sudan a 1940, ya san yadda tsohon ƙarfe yake kama duk abin da ke lilo.

Dalma, wato nauyin da mai nutso yake ɗaurawa don ya iya nutsewa, ita kam na hana ka sawa a waɗannan aljihuna. Wurinta bel mai sakata wadda hannu ɗaya zai fizge ta faɗi. Ranar da ƙafa ta riƙe ko rigar iska ta huje, ba ka da lokacin ɓare murfi kana laluben dalma ɗaya bayan ɗaya.

In ka gama ɗinkin, ka kai wa malamin da yake koya maka ya duba, sannan ka gwada a ruwan da bai wuce ƙirjinka ba: ka rufe ido, ka buɗe aljihu, ka ciro abu, ka mayar, da dama da hagu. Inda hannu ya yi ta lalube, ka warware ka gyara wurin. Bayan kowane nutso kuma ka ɗauraye wandon da ruwan daɗi ka shanya a inuwa, don ranar Fot Sudan tana cin nailan.