Rawar Bhuta Kola a Indiya: wasa ne ko ibada?

Malam, ka tambaya ko rawar da ka gani a bidiyo wasa ne. A'a, ibada ce ta iyalan Hindu masu yaren Tulu a ƙauyukan gaɓar teku na Udupi da Mangaluru, jihar Karnataka. Dangi kan taru da dare, mai rawar ya yi kwalliya da ganyen kwakwa, ana kiɗa ana rera tarihin iskokin har ɗaya ya hau kansa, irin su Panjurli mai siffar aladen daji, sai ya yi magana, har rigimar gona yakan raba. Kamar bori dai, amma gado ne na wasu zuri'o'i. Kar ka haɗa shi da Yakshagana, wancan wasan kwaikwayo ne. In bincike kake, tuntuɓi Karnataka Tulu Sahitya Academy, cibiyar raya yaren Tulu da adabinsa, a Mangaluru.