Likita, karena yana ci amma sai ramewa yake yi

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan kare suka zo, yawanci daga mafarauta da masu karnukan gadin garke da gona. Na zaɓi huɗu.

Daga wani mafarauci a ƙasar Ringim: Likita, barka da aiki. Tun da muka gama farautar rani karena ke ramewa. Safe da yamma ina cika masa kwano da tuwo, yana lashewa tas, amma haƙarƙarinsa sai ƙara fitowa yake. Abokaina sun ce hannu aka sa masa.

Barka kadai, Malam. Kafin a kai ga zancen hannu, fara shafa bayansa. Karnukanmu na gida dama sirara ne, cikinsu a ɗame, kuma haka karen gudu ya kamata ya kasance. Idan sai ka shafa kake jin haƙarƙari, lafiyarsa ƙalau. Amma idan daga nesa kana iya ƙirga su, ƙashin ƙugu ya yi tsini, cinya ta zube, to ya rame da gaske.

Karen da ke ci da kyau yana ramewa, abu na farko da nake zargi shi ne akwai masu raba abincin da shi. Tsutsar ciki ce kan gaba. Duba kashinsa: in ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, a kashin ko manne da gashin gindin wutsiya, tsutsa ce. Rashin ganinsu kuma ba ya wanke shi, domin akwai mai shan jini a hanji wadda da wuya ido ya kama ta. Sai kaska. Buɗe kunnensa da tsakanin yatsunsa, sannan ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja yake. In ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, mai yiwuwa cutar da kaska ke sawa ce ta shiga jini, kuma wannan ba kwanon abinci ke maganinta ba, asibitin dabbobi za ka nufa. Babban kare, musamman mai shiga daji, a ba shi maganin tsutsa duk wata 3, gwargwadon nauyinsa.

Sai tuwon. Tuwo yana cika ciki, yana ba da ƙarfin yini, amma ba ya gina tsoka. Tsoka ta fi ginuwa da abin da ya fito daga jikin dabba: dafaffen ƙwai, tumbi, huhu, kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, kayan cikin kaza. Ba sai tsokar nama mai tsada ba. Ranar kasuwa ka roƙi mahauci ya tara maka guntattaki, ka dafa da ruwa zalla, ka jiƙa tuwon da romon. Ka yi ƙoƙari aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwanon ya zama irin waɗannan, da ɗan cokalin man gyaɗa a kai. Hanta kaɗan-kaɗan, ba kullum ba. Ka raba abincin sau uku maimakon biyu.

Abin da na fi jin tsoro a kwanon kare shi ne ragowar miyar gida. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ne ko ɗanyu. Ƙashin kaza da aka dafa kuma tsagewa yake kamar tsinke, yana iya huda hanji.

Ka hutar da shi daga farauta, amma kada ka ɗaure shi wuri ɗaya. Tsoka ba ta dawowa a kwance. Tafiya da sanyin safiya ta isa da farko, gudu sai cinyar ta fara cikowa. Ka ba shi wata ɗaya zuwa biyu kafin ka yanke hukunci.

Daga wata uwargida a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu: Karyar da ke gadin awakinmu ta haifi 'ya'ya bakwai. Yanzu sati uku, ta koma fata da ƙashi. Dusa nake dama mata.

Uwargida, dusa ta awaki ce, su ne ke da cikin narka ta. Karya mai shayarwa, a sati na uku da na huɗu, tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci, ga kuma bakuna bakwai suna tsotso. Ki ba ta sau huɗu a yini, ki ajiye mata ruwa a inuwa wanda ba ya yankewa. Dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu kullum zai yi mata aiki sosai. Nono mai tsami ya fi madarar da aka tatso yanzu, domin sabuwar madara tana sa manyan karnuka da yawa zawo. Awara ma ta yi, kafin a soya ta a barbaɗa yaji.

Hanya mafi sauri ta ceto ta ita ce rage mata nauyin 'ya'yan. Sun kai lokacin fara lasar kunu mai ɗan kauri da aka murje ƙwai a ciki, a faranti marar zurfi. Kwikwiyo kan samu tsutsa tun daga cikin uwa ko ta nono, shi ya sa ake fara ba su magani daga sati 2, a maimaita duk sati biyu har su kai wata 3, ita ma uwar a haɗa da ita. Yaran gida su riƙa wanke hannu bayan wasa da su. In kika ga karyar tana makyarkyata, ƙafafu sun sandare, tana haki, sinadarin ƙashi ne ya yi ƙasa a jininta. Wannan ba ya jiran gobe.

Daga wani matashi a Gumel: Karenmu ya ɓace kusan sati biyu, ya dawo da kyar yake tsayuwa. Na tausaya na cika masa kwano da nama, sai ya amayar.

Da sauƙi tunda amai kawai ya yi. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka danƙara masa abinci lokaci guda, gishirin da ke jini yakan rikice har ya taɓa zuciya, kare ya mutu bayan an ɗauka an cece shi. Ranar farko ka ba shi kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba ci, a rarraba sau biyar ko shida, mai laushi, da ruwa kaɗan-kaɗan. Kullum ka ɗan ƙara, har ya koma cikakken kwano cikin kamar mako guda.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ba ka san da wa ya yi faɗa a yawonsa ba, abin tsoron shi ne cutar haukan kare. Ka ware shi, ka duba ko akwai tabon cizo. In ya sauya hali, yana dalalar da yawu ko yana kasa haɗiya, kada ka sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashi, ka kira ma'aikacin dabbobi. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Rigakafin haukan kare ana fara shi daga wata 3, ana sabuntawa duk shekara.

Daga wani mahauci a Wudil: Huhu da hantar da ba su sayuwa nake jefa wa karnukana ɗanyu. Akwai laifi?

Akwai. Huhun nan mai ƙuraje cike da ruwa, wanda ka ƙi sayar wa mutane, 'ya'yan tsutsa ne a ciki. Kare ya ci, su girma a hanjinsa, ƙwansu ya fita ta kashi ya koma wa tumaki da mutane, a mutum kuma yakan yi ƙullutu a hanta wanda wani lokaci sai an yi aiki. Mai ƙurajen a ƙone shi ko a binne da zurfi. Mai kyau a tafasa shi sosai tukuna.

Tun da kana cikin kasuwar shanu, kada kowa ya tsira wa karenka allurar shanu da ƙiyasin ido, ko ya ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Awon ba ɗaya ba ne, kuma irin su ibuprofen suna ƙona wa kare ciki su lalata ƙoda.