Tambaya da Amsa: Shirin Zuwa Birnin Bakin Tafki a Tsakiyar Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. An tura ni taron kwana 6 a Shikago cikin watan Janairu, ga shi ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Na sayi ƙatuwar jaket mai kauri guda ɗaya. Ta wadatar? — Wani ma'aikaci

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Jaket ɗin ta yi rabin aiki, saura rabi. Shikago na bakin tafkin Mishigan, kuma abin da ke gigita baƙo a irin wannan gari iska ce. Saman tafki fili ne fetal, ba gini ba bishiya, sai iska ta taho da ƙarfinta ta kutsa tsakanin dogayen benaye. Idan ma'aunin Selsiyos ya nuna digiri 10 ƙasa da sifili, iska kuma tana gudun kilomita 30 a awa, abin da fatarka za ta ji ya kai kusan 20 ƙasa da sifili. A ƙarshen Janairun 2019 sanyin garin ya kai wajen 30 ƙasa da sifili, tun ba a sa lissafin iska ba. Ba kullum ake haka ba, amma da irin wannan rana ake auna shiri.

Hawa uku za ka yi. Na farko shi ne wanda ke manne da fata: riga mai dogon hannu da dogon wando na ciki, na ulu marar kauri ko na poliyesta. Kada ka kuskura ka sa na auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kuma da zarar ka tsaya jiran mota, wannan danshin zai koma kamar an manna maka jiƙaƙƙen tsumma a baya. Na biyu suwaita ce ta ulu, wadda ke tsare ɗumin jiki a tsakanin zarenta. Na uku jaket ɗinka, kuma ga yadda za ka gwada ta: kafa baki a jikin yadin ka hura da ƙarfi, tafin hannunka na ɗaya ɓangaren. In ka ji iska ta ratsa, to ta tafki ma za ta ratsa. A so ta sauko ta rufe cinya, tana da hula a haɗe, bakin hannun kuma ya kama wuyan hannu. In cikinta lallausan gashin agwagwa ne, duba lambar ingancin gashin (fill power) da ke jikin takardarta. Daga 600 zuwa sama ya yi kyau. Sai dai wannan gashi in ya jiƙe dunƙulewa yake yi ya daina aiki, don haka yadin waje ya zama wanda ruwa ba ya shiga.

Dalilin hawa-hawan shi ne cikin gine-gine, jirgin ƙasa da shaguna duk a ɗumame suke, wajen digiri 20 zuwa 22. Mai riga ɗaya mai kauri zai yi sharkaf da gumi a ciki, ya fito sanyi ya kama shi. Kana shiga ka zuge zik, ka cire hula da mayafin wuya tun gumin bai fara ba.

Tambaya: Ni ƙafa da yatsun hannu ne matsalata, ko yaya aka yi sanyi sai su sandare. An ba ni shawara in riƙa haɗa safa uku. Haka ne? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, wanda ya ba ki shawarar ya so ki da alheri, amma ya yi kuskure. Jini ne ke kai ɗumi yatsu, safa uku kuwa matse ƙafa za su yi a cikin takalmi su rage gudun jinin. Safa ɗaya mai kauri ta ulu ta isa. In kin ga dama ki sa wata siririya a ƙarƙashinta. Ki gwada takalmin but da wannan safar a ƙafa, ki tabbata yatsunki na motsi sakayau. Yawanci sai an ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya a kan wadda aka saba.

Takalmin ya wuce idon sawu, ruwa ba ya shigarsa, ƙasansa na roba mai zurfin zane. Gishirin da ake watsawa a titi yana narkar da ƙanƙara ta zama caɓi, kuma a bakin mararraba kan taru kududdufi mai kama da busasshiyar ƙasa. A nan baƙi ke tsoma ƙafa. Da dare ki zare shimfiɗar cikin takalmin, ki cusa masa takardar jarida ta tsotse danshi. Kada ki ɗora shi kan na'urar ɗumama ɗaki, fatar za ta tsage, gam ya saki.

Ga hannu, safar da yatsu huɗu ke zama a aljihu ɗaya ta fi mai rabe-raben yatsu ɗumi nesa ba kusa ba. Hula ta rufe kunne ruf, manyan 'yan kunne na ƙarfe kuma a bar su a ɗaki. Man shafawa yana maganin kaushi da tsagewar leɓe, amma ba ya hana sanyi cin fata. Idan iska ta kai sanyin 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 30 ko ƙasa da haka. Alamarsa wurin ya mutu ba kya jin taɓi, ya yi tauri, launinsa ya koɗe ko ya yi toka-toka. Kada a murza. A shiga ɗaki a tsoma cikin ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, in ya yi ƙuraje masu ruwa ko jin bai dawo ba a tafi asibiti.

Tambaya: Kayan sanyi cin wuri gare su, kilo 23 kawai aka ba ni. Yaya zan yi na mako guda? — Wani ɗalibi

Amsa: Ɗan'uwa, jaket da but a jikinka za su hau jirgi, ba a akwati ba. Hula, safar hannu da mayafin wuya su zauna a jakar hannu, domin akwati na iya makara, sanyi kuwa a ƙofar filin jirgi zai tarbe ka. A akwatin: kayan ciki na hawan farko saiti 2 (ka wanke ɗaya da dare, zafin ɗaki zai busar da shi kafin safiya), suwaita 2, wando 2 mai yalwar da zai hau kan na ciki, safar ulu ƙafa 4, safar hannu ta biyu don ranar da ta farko ta jiƙe, da takalmi marar nauyi na cikin gida. Ledar da ake zuƙe wa iska tana rage girman kaya, amma nauyi yana nan, ka auna kafin ka fita.

Sanyi na shanye cajin waya. Kana ganin kashi 40 sai ta ɗauke. Ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da ƙirji. Batirin caji na tafi-da-gidanka a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi a akwatin awo ba, man shafawar da ke jakar hannu kuma kada kwalbarsa ta wuce mililita 100.

Tambaya: Zan iya taka ƙanƙarar bakin tafkin in ɗauki hoto? — Wata matafiya

Amsa: A'a, Hajiya. Tudun ƙanƙarar da igiyar ruwa ke tarawa a gaɓa ba ƙasa ce a ƙarƙashinsa ba, ruwa ne, kuma yana da ramukan da dusa ta lulluɓe. Ki tsaya kan hanyar da aka share, ki riƙa gajeren taku, hannuwa a waje ba a aljihu ba. Ki kuma duba hasashen yanayi kowace safiya, don iska mai sanyi in ta bi ta kan ruwan da bai daskare ba takan kwashi danshi ta juye shi dusa a gaɓar da ta nufa. A Nuwamban 2014 wasu unguwannin kudancin birnin Bafalo na Amurka, a bakin tafkin Iri, sun samu fiye da mita ɗaya da rabi cikin 'yan kwanaki. Irin wannan kan sa a soke tashin jirage, saboda haka in kina shan magani ki riƙe ƙarin na kwana 2 ko 3 a jakar hannu.