Ga ɗan'uwan da wayarsa ke cinye masa kilomita

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka na yi dariya ni kaɗai, don wallahi kamar ni na rubuta ta. Ka ce kun fito tare daga Agege kun koma tare, amma wayar abokinka ta nuna kilomita 42, taka 38, shi ne kake tambaya ko ka haƙura ka sayi na'urar GPS ta keke ko ka canza manhaja. Kar ka fitar da ko kobo tukuna.

Ni ranar da na fara neman cika kilomita 100 abin ya same ni. Daga Ajah muka tashi bayan asuba, muka je Epe muka juyo. Wata biyu ina shirin ranar nan. A dawowa rana ta buɗe, tifofin yashi na busa mana ƙura, cinyata ta ɗaure sau biyu har sai da na sauka na zauna a bakin kwata. Muna isowa kowa ya duba tasa, 103, 104, ni na zaro waya daga aljihun baya na ga 91. Taswira kuwa ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga Epe, ta cikin ruwa da daji. Har yau 'yan ƙungiya in sun gan ni sai su ce ga mai keken iyo. A gabansu na yi dariya, amma da daddare abin ya hana ni barci.

Ashe laifin ba na manhajar ba ne, tsarin tattalin batir ne na wayar ya kashe ta da allo ya daɗe a rufe. Shiga saitin batir ka cire Strava, manhajar nan ta auna tafiya, ko wacce kake amfani da ita, daga cikin waɗanda waya ke takurawa, ka ba ta izinin ganin ainihin wurin da kake. Kafin ka danna farawa ka tsaya a fili minti ɗaya. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da kilomita 20,000, kuma sai waya ta kama aƙalla huɗu kafin ta san inda kake. GPS ɗin kansa ba ya cin data, taswira da ɗora tafiyar ne ke ci.

Haushin ranar ne ya kai ni na sayi na'ura ta hannu wajen wani mai shago. Mutumin nan ya rantse, ya dafa ƙirji, ya ce daga Ingila ta zo, ko wata uku ba a yi ana aiki da ita ba. Har lemo ya saya min. Ruwan farko da ya kama ni a Ikorodu Road, gilashin ya yi gumi ta ciki, kafin Ketu ta mutu. Mai gyara ya buɗe ya nuna min batir ya kumbura kamar ƙosai, robar da ke tare ruwa kuma an cire an shafa gam. Na koma masa sau uku. Na farko yaronsa ya ce ya fita, alhali ina hango takalminsa. Na biyu ya ce ni na tsoma ta a ruwa. Na uku ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba! Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, rantsuwar ce. Na bar shi da Allah. Dole sai ta hannu? To ka sa a cika caji, ka bar ta a kunne awa biyu a gabanka.

Yanzu dai ina da ƙarama sabuwa, kuma gaskiya a fili ita da waya mai kyau duk ɗaya ne. Bambancin yana fitowa a Marina da Victoria Island, inda sigina ke bugun dogayen gine-gine kafin ta iso maka, da kuma ƙarƙashin gadoji irin na Obalende. Nan ne ake son wadda ke kama taurarin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, ba GPS na Amurka kaɗai ba. Masu kama zangon sigina biyu, L1 da L5, sun fi, sai dai tsada. A kamfanonin na'urar, Garmin da Wahoo su ne manya, Bryton da iGPSport da Magene sun fi sauƙi.

Amma abin da ya gyara min lissafi da gaske ɗan ƙaramin sensa ne da ake ɗaurewa da roba a tsakiyar ƙafar keke. Juyin taya yake ƙirgawa, babu ruwansa da gada ko gini, kuma yana haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ka dai sa girman taya daidai: tayar da aka rubuta wa 700x25, zagayenta kusan milimita 2105 ne. Ni na ɗiga fenti a taya na gangara na auna da tef.

Lissafin hawan tudu kuwa ka manta da shi. Legas shimfiɗe take, in wayar da ba ta da ma'aunin nauyin iska ta ce ka hau tsauni tsakanin Mile 12 da Ojota, ƙarya take.

Don Allah kar ka ɗaura waya a kan keke. Wani ƙaninmu a gosulo aka fizge tasa yana riƙe da birki. Ka kuma ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta a Strava, kar kowa ya san ƙofar gidan da keken ke kwana. Asabar ka gyara saitin nan ku sake bin hanyar da abokin naka, ka turo mana hoton taswirar mu gani.