Ƙanena zai ƙona mini kuloci?

Tambaya: Malam, ƙanena ya matsa in koya masa tuƙi da tsohuwar Golf ɗina mai giyar hannu. Abokai sun ce zai ƙona mini kuloci. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Yawan mutuwar mota a hannun ɗan koyo ba shi ke cinye kuloci ba, sai dai batir da kik, wato abin tayar da inji, su ɗan wahala. Abin da ke cinye faifan kuloci shi ne gogayya, wato direba ya ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko ya riƙe shi rabi da rabi yana banka totur. Ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a Afrilu, faifan ba ya saurin hucewa.

Kai shi fili shimfiɗaɗɗe bayan sallar Asuba, amma ban da mai rairayi, don yashi na sa a yi ta murza kuloci. Ya sa giya ta ɗaya, ya riƙa sakin kuloci a hankali ba tare da totur ba, har motar ta motsa da kanta. Ya maimaita sai ƙafarsa ta gane wurin da motar ke fara motsawa. A hawa kuwa, hambirki zai ja. Kada ka yi masa tsawa, ɗan koyo in ya ruɗe totur yake takawa.

Da ka ji ƙauri, ku tsaya ta huce. In kuma ka taka totur a giya ta 4, inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, kulocin ya fara sulɓi, sai ka nufi wurin makanike.