Tambaya da Amsa: Wane ne Ron Barassi?

Tambaya: Malam, a fadarmu ta shayi da ke unguwar Birni, Damagaram, an ambaci Ron Barassi, ɗan ƙwallon Ostareliya. Wane ne shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, ana cafe ta da hannu, a buga da ƙafa. An haifi Barassi a 1936, kuma yana da shekara biyar aka kashe mahaifinsa a yaƙin Tobruk na Libiya, abin da ya fi taɓa mini zuciya a tarihinsa. Ya ci kofi shida da ƙungiyar Melbourne. A matsayin mai horarwa, a wasan ƙarshe na 1970, ƙungiyar Collingwood ta ba ƙungiyarsa ta Carlton ratar maki 44 a hutun rabin lokaci, amma ya umarci yaransa su yawaita miƙa ƙwallo da hannu, suka farke, suka ɗauki kofin. Ya rasu a 2023.