Direban minikab a Landan zai iya kiran fasinja a bakin titi?

Tambayarka ita ce ko kana iya tsayawa ƙofar gidan rawa ko tashar jirgin ƙasa kana cewa "tasi, tasi", tunda kana da lasisin tuƙa minikab (motar haya da sai an yi odarta tukuna) daga TfL, hukumar sufurin Landan. A'a, malam, laifi ne. Sashe na 167 na dokar hukunta laifuka da kiyaye zaman lafiya ta 1994 ya hana neman fasinja da baki a bainar jama'a a Ingila da Wales, kuma tarar na kai fam 2,500. Ko wanda ka yi wa tayin bai shiga ba, ko motar ba ta wurin, laifin ya tabbata. Direban baƙar tasi, wato tasin gargajiya ta Landan, shi ma bai tsira ba. Abin da aka yarje masa shi ne kunna fitilar kan motarsa ya jira a tsayar da shi, ko ya bi layi a tashar tasi.

Kai kuwa kowane aiki sai ya biyo ta kamfani mai lasisi, an rubuta shi kafin fasinja ya shiga. Ko shi ya ƙwanƙwasa maka gilashi, ce masa ya buga waya ko ya nema ta manhaja.

Inda ta fi ciwo shi ne inshora. Taka ta aikin da aka yi oda ce kaɗai, don haka ɗaukar mutum daga titi na iya zama tuƙi ba inshora: makin hukunci 6 zuwa 8 a lasisin tuƙinka. 'Yan sanda kan fito cikin farin kaya da dare kamar fasinjoji, kuma TfL na ƙwace lasisi kan wannan.